Tarwaɗar Rijiya da Tsinken Dagaci

An ba da labari cewa a wani gari mai suna Kurmin Jatau an yi wani dagaci, Mamuda, wanda bayan rawaninsa babu abin da yake taƙama da shi kamar rijiyar da mahaifinsa ya haƙa. Gonar albasa na gabas da ita, turken shanu na yamma. A gidan akwai jikarsa Kuluwa, 'yar wata biyu, wadda nonon uwarta ya ƙafe, ana dama mata madarar gwangwani da ruwan rijiyar.

Ladiyo ungozoma ta ja kunnensa cewa akwai wani sinadari, nitret, da ke tsatsafowa daga taki zuwa rijiya, yana hana jinin jariri ɗaukar iska. Ta ce a kai ruwan ɗakin awo a birni. Dagaci ya ji kamar mahaifinsa aka zaga. Ya sayo tsinkayen gwajin ruwa a kasuwa, ya tsoma uku a ruwan rijiyar. Biyu suka yi ruwan hoda, alamar akwai sinadarin, ɗaya ya tsaya fari. Ya yar da biyun a gindin rijiya, ya soke farin a aljihu don ya rufe bakin Ladiyo.

Ya sake jefa guga, sai ga tsohuwar tarwaɗar da mahaifinsa ya saka a rijiyar ta biyo gugan. Ta ce, "Ranka ya daɗe, shaidu uku ka kira, ka kori biyu. Ka tuna mini da Iya Dudu."

Dagaci ya ce, "Me Iya Dudu ta yi?"

Tarwaɗa ta ce, "Wata tsohuwa ce mai karamci. Wani ma'aikacin lafiya, Malam Sidi, ya zo ƙauyensu duba rijiyoyi, ya roƙi ruwan gidanta. Ita kuwa ba ta taɓa ba baƙo ruwan rijiya ba, sai ta ɗebo masa na sama da take ɓoyo a randa. Tsinke ya fito fari tas, ta hau murna. Malam Sidi ya kurɓa, ya ce, 'Iya, wannan daga rijiya yake?' Ta sunkuyar da kai ta ce, 'Ɗan nan, ina ni ina ba baƙo ruwan yau da kullum?' Ya yi dariya ya ce, 'Iya, kin kusa yin irin ta Ɗan'azumi mai jaki.' Ta ce ya ba ta labarin.

"Ya ce, 'Ɗan'azumi ya ɗauko gishiri a jaki ya nufi gulbi da damina. A hanya ya tambayi matafiya uku zurfin mashigi. Na farko ya ce iya wuya, na biyu ya ce iya wuya, na uku ya ce iya idon sawu. Ɗan'azumi ya rungumi na ukun, bai tambaye shi yaushe rabonsa da gulbin ba, alhali tun rani ya haye. Ya kora jaki cikin ruwa. Jakin dai ya fita da ƙyar, gishiri kuwa ya bi gulbi. Na ukun bai yi ƙarya ba, Iya, mai tambayar ne ya zaɓi amsar da yake so. Haka tsinken nan yake. Abin da aka nuna masa yake faɗa, kuma ko shi yakan yi kuskure in ya sha zafi, ko ya tsufa, ko an makara wajen duba launinsa. Shi nuni yake yi, ɗakin awo ke yanke hukunci.' Iya Dudu ta ɗauki guga da kanta."

Tarwaɗa ta kaɗa gemu ta ce, "Ita kunyar baƙo ta ruɗe ta. Kai kunyar mamaci ce, kuma mahaifinka bai haƙa rijiyar nan kusa da gonar albasa ba, ku kuka kawo gonar."

Maganar ta soki Dagaci. Ya ce, "Shekara sittin ina shan ruwan nan. Na yarinyar kuma tafasa shi ake yi."

Ta ce, "Kai babba ne, jikinka na iya ɗauka. Tafasawa kuwa ƙwayoyin cuta take kashewa. Sinadarin nan yana nan daram, ruwa na raguwa a tukunya shi yana ƙara ƙarfi. Ni a ciki nake kwana, amma ban san adadinsa ba, tsinkenka ma bai sani ba. Ka tambayi masu sani."

Dagaci ya tuna yadda Kuluwa ke damƙe masa yatsa in ya miƙa mata, tsoro ya kama shi ƙwarai. Ya ce, "Na ji, na kuma karɓa." Ya mayar da tarwaɗa cikin ruwa a hankali, ya durƙusa ya tsinci tsinkaye biyun da ya yar, ya haɗa su da farin. Ya cika kwalba ya aika wa Ladiyo a kai birni, ya ce kuma ta zo ta duba yarinyar.

Da hantsi mutanen Kurmin Jatau suka ga dagacinsu da rawani, ya taho daga famfon asibiti da aka riga aka auna ruwansa, ɗauke da jarka a kafaɗa. Duk wanda ya miƙo hannu zai karɓa, sai ya ce, "Bar shi, na Kuluwa ne."