Wa Zan Damƙa wa Wuyan Malam?

Yau kwana goma sha uku ke nan abu ɗaya yana cin raina, kuma na rasa wanda zan gaya wa a cikin dangi, domin duk wanda zan tunkara yana da hannu a maganar. Shi ya sa na ce bari in rubuta, ko a cikin masu karantawa a samu wanda ya fi ni gani. Karatuna bai yi nisa ba, ku yi haƙuri da yadda zan jero ta.

A Funtuwa muke. Maigidana, Malam, aikin riga yake yi da hannu, shekara arba'in yana sunkuye a kan allura da zare. Wata biyu da suka wuce wuyansa ya riƙe, ciwon ya gangaro har tsakiyar baya. Yanzu in zai yi sallama a salla sai ya juya da duk jikinsa, kuma yatsu biyu na hannunsa na dama suna sagewa. Ga hawan jini da yake shan magani a kai tun bara waccan.

Ba shi ya fara irin wannan ciwo a gidanmu ba. 'Yata ta fari, wadda ba zan kama sunanta na yanka ba, amma kowa Balaraba yake ce mata, kitso da lalle take yi wa amare. Bara, ana saura wata guda azumi, lokacin da biki ya yi yawa, ta yi amare huɗu a mako ɗaya. Wata safiya ta sunkuya za ta ɗauki bokiti, ba ta iya miƙewa ba. Baya ya ƙi, wuya ya ƙi. Ni kuma kun san yadda ake da 'yar fari. Ba zan je in tare a ɗakinta ba, ba zan tsare ta da tambaya ba, a ce ba ni da kunya. Kunu na riƙa aikawa, ina jin labari a bakin mutane. Bayan wata biyu da rabi ta warke, ta koma sana'arta. Na gode wa Allah, ban bi ba'asi ba. Ashe mutum uku ne suka yi mata magani, kuma ba kowa ya san abin da ɗan'uwansa ya yi ba.

Na farko mijinta, malamin firamare ne, mutum mai bin ƙa'ida. Shi ya ɗauke ta a kwance a bayan mota ya kai ta asibiti a Zariya. Aka ɗauki hoton bayan da na wuyan, likita ya ce babu karaya, babu wani mugun abu da ya tsiro. Aka ba ta ƙwayoyi, aka haɗa ta da masu gashin ƙashi, duk Talata suna koya mata motsa jiki iri-iri, suka ce kuma ta daina zama a 'yar kujerar tsugunno in tana kitso. Da bai kai ta ba, da babu wanda ya san ko ƙashin lafiya yake, da kowa lalube zai yi.

Na biyu ƙanenta Mujittaba, wanda yake tuƙi a wani kamfani a Kaduna. Ya zo dubiya bayan mako biyu ya same ta har lokacin a duƙe, ba ta iya yin motsa jikin da aka koya mata saboda zafi. Ya san mijinta ba zai yarda ba, sai ya ce zai riƙa kai ta wajen matarsa duk Asabar ta sha iska. Can ya kai ta wurin wani mai gyaran ƙashin baya da hannu, kairofirakta ko me, harshena ba ya juya sunan. Ba maɗori ba ne, an ce makaranta ya yi wa aikin. Mutumin ya ce ba zai taɓa ta ba sai ya ga hoto, ita kuwa ta ɓoyo hoton asibitin a cikin hijabi. Ya kwantar da ita a wani gado siriri, ya danna nan ya murɗa can, baya ya yi ƙara kamar an karya kara. A ranar, da ƙafarta ta sauko daga benen da yake aiki. Da bai miƙar da ita ba, da motsa jikin asibitin bai yiwu ba.

Ta uku Gwaggo Marka, yayar Malam, wadda ita ta goyi Balaraba tun daga yaye. Ba ta san Zariya ba, ba ta san Kaduna ba. Kullum da hantsi, in mijin ya tafi makaranta, sai ta zo ta dafa ruwa, ta gasa mata bayan da tawul, ta mulke ta da man kaɗanya. Ta kwashe yaran ta kai gidanta. Sannan ta shimfiɗa tabarma a zaure ta zauna, duk uwar amaryar da ta zo neman lalle sai ta juya ta, har da 'yar kansila. Kwana arba'in cif ta hana ta taɓa kan kowa, kamar mai jego. Wanda ya san Balaraba ya san ba ta iya cewa a'a. Da Gwaggo ba ta tsare ƙofa ba, da ranar da ta miƙe ranar za ta koma sunkuyo.

Yadda asiri ya tonu shi ne, Juma'ar da ta wuce waccan su ukun suka haɗu a tsakar gidanmu wajen duba Malam. Surukina, kansa a ƙasa, ya ce, "Baba, in ka yarda mu je Zariya. Ita ma can ta samu lafiya, da bakinta ta gaya mini."

Mujittaba ya yi dariya. "Mijin Yaya, Zariyar da ta yi mako biyu tana zuwa a duƙe? Yaya da kanta ta ce mini in ba don mutumin Kaduna ba da har yanzu tana rarrafe."

"Wane mutumin Kaduna?" in ji surukina.

Gwaggo ta ajiye goron da take ɓarawa. "Kai, ku rufe mini baki, 'yan zamani. Kaduna ce ta dafa ruwan? Yarinyar nan ta riƙe hannuna tana kuka, ta ce Gwaggo ke kika tashe ni. Ku je ku tambaye ta!"

Ashe kowa ta gaya masa nasa ne ya yi aiki. Ba ƙarya ta shirya ba, kara ce. Miji ne, ƙane ne da ya ƙona mai zuwa Kaduna sau shida, uwar goyo ce. Wa za ta kalla ta ce wahalarsa ta tashi a banza?

Malam ya bari suka gama, ya ce shi jiki ɗaya gare shi, kuma ya wuce shekarun wasan ɓuya, ba zai bi uku ba. Ya ce in ya zaɓi ɗansa yayarsa za ta ce ya raina ta, in ya zaɓi yayarsa suruki zai ji kunya. Sai ya juyo da duk jikinsa ya dube ni. "Ke za ki yi jinyar, ke za ki zaɓa." Ina zaune ina tankaɗe aka ɗora mini wannan kaya.

Na daure na yi abin da ban taɓa yi ba. Na je gidan Balaraba, na shiga kicin ɗinta, na juya mata baya ina duba tukunyar da babu komai a ciki, na ce, "Ke, wanne ne a ciki?"

Ta ce, "Wallahi Inna ban sani ba. In na dawo daga Kaduna sai in ji sakayau kwana biyu ko uku, sannan rabin ciwon ya dawo. Na asibiti ban ji komai ba da farko, sai a hankali. Na Gwaggo kuma yana sa ni barci. Kuma fa har yanzu in na daɗe a kan kitso yana ɗan taɓa ni."

Na fito da ruɗun da ya fi wanda na shiga da shi.

Tun ranar kowa yake kawo mini tasa. Surukina ya aiko matar wansa ta gaya mini cewa ya tambayi likita, likita ya ce ciwon baya da yawa yakan lafa da kansa cikin makonni ko an yi magani ko ba a yi ba, kuma danna baya yana taimakon wasu, amma murɗa wuyan dattijo mai hawan jini abin tsoro ne, don akan samu wanda jijiyar jininsa ta taɓu, ko da yake ba kasafai ba. Sai dai layin masu gashin ƙashin ya yi tsawo, sai nan da mako biyar za su ga Malam, yatsun kuma kullum ƙara sagewa suke.

Mujittaba ya ce ya yi magana da mutuminsa, mutumin ya ce ba kowane wuya yake murɗawa ba, sai ya duba, in ya ga ba nasa ba ne zai ce a tafi asibiti. Kuma zai gan shi Asabar ɗin nan. To amma ni ina zan san wane wuya ne na murɗawa? In ya kwanta a gadon nan ba na wurin da zan ce dakata.

Gwaggo kuwa ta riga ta aiko da man kaɗanya kwano guda. Nata ba ya kashe kowa, na sani. Amma Balaraba yatsunta ba su sage ba. In na zaunar da Malam kwana arba'in ana gashi, alhali wani abu ne yake danne masa jijiya, wa zai dawo mini da hannun?

Jibi Asabar. Mujittaba ya ce da ƙarfe bakwai motarsa tana ƙofar gida, Gwaggo ta ce kafin nan ta ɗora ruwa, surukina kuma ya karɓo katin asibiti ya ba Malam, yana cikin aljihunsa.

To jama'a, ku da kuka ji daga farko: tsakanin wanda ya gano lafiyar ƙashin, da wanda ya miƙar da ita, da wadda ta tsare ƙofa, wane ne ya warkar da 'yata? Kuma in gari ya waye jibi, wa zan damƙa wa wuyan Malam?