Ragon da Aka Mayar

Ya 'yan uwa, ku ba ni hankalinku kaɗan.

An yi wani mutum a wani ƙauye da ke bakin babbar hanya. Yana kiwon tumaki da awaki daidai gwargwado, kuma Allah ya ba shi iya magana. Duk inda ya zauna sai an yi dariya har da riƙe ciki. Shi ya sa ake kiransa Baki, har aka manta sunansa na gaskiya.

Ƙanwarsa da mijinta suna da ɗan gidan abinci a gefen hanyar. Ɗaki ɗaya ne da rumfar kwano, tebura biyar, da murhu da mijin ya gina da hannunsa. Shi yake gasa nama, ita take daka yaji, ta yanka albasa da tumatir da kabeji. Ba sa sayen komai daga nesa. Dabba daga garken maƙwabta, ganye daga lambunan bayan gari, gawayi daga wani tsoho da ba shi da wata sana'a. Direbobi sukan wuce garuruwa biyu da yunwarsu don su zo su ci a nan. Rabin ƙauyen da wannan murhu suka dogara.

Kullum da hantsi Baki yana teburin da ke kusa da wuta. Ƙanwarsa takan ware masa haƙarƙari, don ta san nan ya fi so.

Wata rana ya jawo wani rago zai sayar musu. Ragon yana tari, hanci na zuba. Mijin ƙanwar, mai gashin naman, ya duba idonsa, ya taɓa cikinsa, sannan ya ja yayan matarsa bayan ɗaki inda babu kowa. Cikin ladabi ya gaya masa ragon ba shi da lafiya, ba zai iya ba mutane shi ba. Ya ce a kai shi a yi masa allura, in ya warke shi zai fara saya.

Baki ya juya da ragonsa. Yana wucewa ta gaban rumfa wani direba ya ce, "Yau kuma bakin bai yi ciniki ba?" Aka yi dariya. Shi da ya saba sa a yi wa wasu dariya, ranar shi aka yi wa. Bai kai ragon allura ba, ya mayar da shi cikin garke don haushi.

Bayan kwana uku ya dawo, rumfa cike da baƙi. Aka kawo masa rabonsa kamar kullum. Ya yagi tsoka, ya tauna a hankali, ya dubi hanya, ya ce, "Ni kam ina karnukan garin nan suka shiga? Kwana biyu ban ji haushinsu ba."

Rumfa ta ɗauki dariya. Amma wani fasinja ya ajiye naman da ke hannunsa, ya goge yatsunsa. Mai gashi yana can cikin hayaƙi yana fifita wuta, bai ji komai ba.

Ya 'yan uwa, me ya faɗa? Ya ce ya gani? Ya ce ya ji? Bai ce ba. Da wannan ya lallashi zuciyarsa a hanyar gida, cewa tambaya kawai ya yi. Amma ya san a gaban wa ya yi ta, kuma ya san abin da ke cikin farantansu.

Maganar ta shiga mota. Cikin mako guda, a tashar da ke nesa, an sami wanda ya rantse ya ga fatar kare a bayan ɗakin. Wani ya ce shi kai ya gani a rami. Motoci suka daina tsayawa. Sai su rage gudu, fasinjoji su nuna rumfar da yatsa, wani ya leƙo ta taga ya yi haushi. Ma'aikatan lafiya suka zo suka bincika, ba su ga komai ba sai fatun tumaki da awaki. Suka manna takardar shaida a bango. Wa zai tsaya ya karanta?

Ƙanwarsa ta same shi har gida, idonta ya kumbura. Ta ce, "Yaya, kai ne mai shiga mutane. Wa muka yi wa laifi haka?"

Nan Allah ya buɗe masa ƙofar tuba. Ya dubi ƙanwarsa, uwa ɗaya uba ɗaya, ya ce ta yi haƙuri, mutanen yanzu ba su da tsoron Allah.

Nama ya riƙa bushewa a kan waya har ya yi baƙi. Tumatir ya ruɓe a lambu. Tsoho mai gawayi ya koma cin abin da maƙwabta suka miƙo masa. Ranar da aka kashe wutar murhun, mai gashi ya wanke wuƙaƙensa, ya tafi aikin fasa dutse, mutumin da ya haura hamsin, ga hawan jini. A wata na huɗu ya faɗi cikin rana. Aka kawo shi gida a bayan motar yashi. Ya yi kwana biyu bai yi magana ba, ya cika.

A wurin ta'aziyya wani direba ya zo, yana ta jimami. Ba da wata manufa ba, ya ce shi yana nan ranar da abin ya fara, ai wasa ne Baki ya yi, mutane suka ɗauka da gaske. Ƙanwar tana bayan labule, ta ji.

Daga nan komai ya zube masa. Ciwon ragon nan ya bi garkensa, dabbobi suka riƙa mutuwa bibbiyu. Waɗanda suka tsira ya kai kasuwa, mahauta suka ce ba sa taɓa dabbar wannan ƙauye. Masu lambu suka daina amsa sallamarsa. Matarsa ta gaji da yadda mata ke tashi idan ta zauna, ta koma wurin danginta da yara.

Ya je ya durƙusa gaban ƙanwarsa. Tana ɗaure kaya, za ta bar garin. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Wanda za ka roƙa yana ƙarƙashin ƙasa, Yaya. Har ranar da ya faɗi yana cewa in ajiye maka abinci."

Sai ya tafi babbar tasha, ya hau kan benci, ya rantse da Allah cewa shi ya ƙirƙiri maganar, naman nan halal ne, mutumin nan mai amana ne. Direbobi suka kewaye shi suna dariya, suna cewa Baki ya zo da sabon salo. Da hawaye ya zubo masa, suka tafa, suka ce ya iya. Wasu suka ce ai sayensa aka yi.

Waɗanda suka gan shi daga baya sun ce yakan tsaya a gefen hanya cikin rana, yana ɗaga wa motoci hannu. Duk wadda ta tsaya, sai ya sunkuya ta taga ya ce naman mai tsabta ne. Sai a ɗaga gilashi a wuce.

Ya 'yan uwa, wannan mutum bai yi sata ba, bai ɗaga wa kowa hannu ba. Da numfashi ɗaya ya mayar da ƙanwarsa bazawara, 'ya'yanta marayu, ya toshe abincin gari guda. Mu fa? Sau nawa muka jefa magana a majalisa muka ce wasa ne? Sau nawa muka tura abin da ba mu gani ba, don kawai a yi dariya? Wanda ya faɗa yana da kaso, wanda ya kai gaba yana da kaso, wanda ya yi dariya ya yi shiru shi ma za a tambaye shi. Kuma haƙƙin mutum, sai mutumin ya yafe. In kana da wanda ka ɓata wa suna, ka je yau, tun yana iya jin ka.

Allah ya tsare mana harsunanmu, kada ya ɗauki ranmu da haƙƙin wani a wuyanmu. Allah ya kiyaye mu, amin.