Gemun Baba Ɗanjuma da Filastar Silin

Zakariyya'u saurayi ne mai hannu, wannan kam ba mai ja. Ka ba shi auduga da gam da ɗan jan launi, yanzu zai fitar maka da yankan wuƙa a kunci har sai ka kau da kai. Illarsa gaggawa, ga kunnen ƙashi. Abin da ya gani sau biyu a waya, shi ke nan ya zama gwani.

Watansa huɗu yana koyon aiki a shagon Madam Lizzy a Barnawa, matar da ke yi wa 'yan fim raunukan ƙarya da tabon ƙuna da hancin roba. Kullum ƙorafinsa wai ba a sa shi komai sai wankin buroshi.

"Madam, yaushe zan fara ɗaukar siffar fuska?"

"Ranar da ka iya shafa basilin."

"Haba Madam! Basilin ɗin ma sai an koya?"

"Sai an koya. Zauna ka kalla."

Ina! Bai zauna ba. Da ya ji Oga Kevin, wani mai shirya fim a Kamazou, yana neman mai kwalliya na dindindin, sai ya wanke ƙafa ya je ya ce shi ya ƙware. Oga Kevin ya ce to, ga gwaji. Akwai Baba Ɗanjuma, dattijon da ke fitowa a matsayin maharbi, ana so a yi masa kumburarren kunci na roba. In ya yi kyau, aikin nasa ne.

To, kafin a yi wannan sai an ɗauki siffar fuskar mutum. A shagon Madam wani gari mai laushi ake kwaɓawa, irin na likitocin haƙori, bayan an shafe gira da gemu da basilin. Zakariyya'u ba shi da garin, girman kai kuma ya hana shi roƙa. Sai ya biya wurin masu gini ya ɗebo filastar da ake silin ɗin ɗaki da ita. Wai ai duk fari ne. Ji mini shirme! Gishiri ma ai fari ne.

Shi kuwa Baba Ɗanjuma shekara biyu yana renon farin gemunsa. Saboda gemun aka zaɓe shi, an ma ɗauki rabin fim da shi.

"Ɗana, ba za ka shafa mini komai ba tukuna?" in ji dattijon, da aka zaunar da shi ranar gwajin a gaban Oga Kevin.

"Baba, wannan tsohon yayi ne. Rufe ido kawai."

Ya zura masa tsinken shan lemo a hanci don numfashi, ya lafta filasta tun daga goshi har haɓa. Ba a jima ba ta fara ɗaukar zafi, don haka halinta yake in tana bushewa. Baba ya shiga buga ƙafa yana gurnani. Zakariyya'u ya ja, ta ƙi. Ya sake ja, dattijo ya lalubo cikinsa ya sakar masa naushi.

"Kai! Me ka sa masa?" Oga Kevin ya daka tsawa.

"Filasta ce, Oga."

"Ta silin? A fuskar mutum?"

Dole aka kira Madam Lizzy. Ta sauko daga keke ko kallon ɗalibin nata ba ta yi ba. Da almakashi ta riƙa ɓamɓarar abin kaɗan-kaɗan, gemu na bin filasta, gira na bin gemu. Da aka gama, fuskar Baba ta yi jajir, haɓa sumul. Ya daɗe yana duban madubi, sannan ya ce, "Allah ya isa." Zakariyya'u ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Aikin Oga Kevin dai ya kuɓuce masa. Ya bi Madam har bakin titi yana ba da haƙuri.

"Madam, gobe in zo shago?"

"A'a. Mutum yana rufe ido ya miƙa mini fuskarsa saboda ya yarda da ni. Ba zan haɗa ka da wannan amanar ba."

Labari ya zaga 'yan fim daga Nasarawa har Makera, aka laƙa masa suna Mai Silin. Har yau in ya leƙa wurin ɗaukar fim neman aiki, masu gemu dafe haɓa suke yi.

Darasin a fili yake. Baiwa ba ta maye gurbin koyo, kuma ƙaramin matakin da ka rena a sana'a shi ke tsare mutuncinka da lafiyar wanda ya amince da kai. Sauri ya haifi nawa. Ka zauna gaban wanda ya riga ka, ka yi haƙuri har ya ce ka isa.