Balarabe da Fadamar da Ta Riƙe Magani

Balarabe manomi ne a Birnin Tudu, mai ƙwazo, sai dai ba ya iya jira. In an ce a zuba murfi biyu na maganin ciyawa a tankin feshi, shi huɗu yake zubawa don aiki ya yi sauri. Haka ya yi wa masararsa ta fadama har sau biyu, na biyun ana dab da ɗaukewar ruwa.

Da ya cire masara, sai ya nufi gidan gwaggonsa Turai, mai renon irin tumatir, yana son ya riga kowa dashe. Bayan sun gaisa ta tambaye shi yaushe ya yi feshin ƙarshe, da yawan abin da ya zuba. Da ta ji, sai ta girgiza kai. Ta ce ƙasarsa laka ce, laka kuwa riƙe magani take yi. Wani malamin gona ya taɓa gaya musu a Bakura cewa wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani ne ke cinye maganin a hankali, su kuma sai da laima da taki suke aiki.

"Ɗebo mini ƙasar mu shuka wake a gwangwani," in ji ta. "Mako biyu kawai, waken zai gaya mana gaskiya."

"Gwaggo, kafin mako biyu ai maƙwabta sun gama dashe."

Ya kawo ƙasar don kada ya saɓa mata, amma washegari ya sayo iri a Talata Mafara ya dasa rabin gonar. Da fari tumatirin ya kama. Daga baya ganyen ya yi rawaya, gefensa ya ƙone, ya bushe kunya bayan kunya. Waken gwangwani ma haka ya yi.

Balarabe ya koma wurin gwaggonsa kansa a sunkuye. Turai ba ta yi masa gori ba. Ta sa ya kai takin shanu, ya juya ƙasar, ya riƙa ba ta ruwa ko da babu shuka. Mutane na wucewa suna dariyar mai shayar da gona fayau, ya daure. Turai kuma ta ci gaba da gwada ƙasar da wake. Gwangwani na biyu ya fito da ɗan rawaya. Na uku ya fito kore shar.

A ranar, Turai ta kai shi bayan gida, ta nuna masa irin da ta rena masa tun ran da ya dawo.

"Yanzu je ka dasa," ta ce.

Tumatirinsa ya nuna a makare, lokacin da na kowa ya ƙare, masu saye suka riƙa binsa har gona.

Darasin da ke nan shi ne, magani ba ya ƙarewa ranar da ciyawa ta mutu. Manomi ya tsaya kan awon da aka faɗa, ya san irin ƙasarsa, ya gwada ta kafin ya sa sabon iri. Wanda ya yi kuskure kuma kada ya fid da rai, domin ƙasa tana warkewa in an ba ta taki, ruwa da lokaci.