Makullin Da Ke Wuyan Koci

Ku yi mini haƙuri, wani ɓangare na labarin nan ya zube mini a hanya. Sunan garin ya tafi, shekarar ma ta tafi. Na dai san da damina ne, don a cikin yawona ƙafafuna suka kumbura, na kwanta kwana tara a ƙaramin asibitin garin. Daga kan gadon nan na ga rabin abin, sauran kuma ba ni aka yi, har yanzu nakan kasa bambanta wanda na gani da wanda na ji. Abin da ya rage a hannuna shi zan ba ku, ku kuma ku yi hukunci.

Abokai uku ne da suka yi kwaleji tare, a ƙungiyar wasanni ɗaya. Ɗayyabu shi ne mai gudun dogon zango. Ukasha mai jifan mashi. Sirajo kuwa ba ya gudu, ba ya jifa, shi ne mai zama a bakin fili da akwatin magani yana ɗaure wa wanda ya yi targaɗe. Da suka gama, Sirajo ya wuce makarantar koyon jinya, ya zama nas a wannan asibiti. Ukasha kafaɗarsa ta soma yi masa ciwo, ya ajiye mashi ya kama alli a wata firamare da ke tsallaken kogin garin. Ɗayyabu ya yi shekara goma sha biyu yana koci, sannan ya koma karatu, ya fito da takardar gudanar da asibiti. Aka turo shi inda Sirajo yake a matsayin sakatare, mai kula da ma'aikata da kaya da jadawalin aiki.

Makonsa na farko bai san gabas ba bai san yamma ba. Ya zo da usur rataye a wuya kamar yadda ya saba, ranar farko ya busa shi don ma'aikata su taru, wata tsohuwa a ɗakin mata ta tsinke ƙarin ruwan da ake yi mata ta shige ƙarƙashin gado, a zatonta kame aka zo yi. In yana son ya san wanda ba ya bakin aiki, sai ya ce, "Wa ke benci yau?"

Sirajo ya ce masa, "Koci, nan fa ba a canza ɗan wasa a tsakiyar haihuwa."

Ɗayyabu ya ce, "Wallahi mutumina, a fili na san inda ake tashi da inda ake tsayawa. Nan kowa gudu yake yi, ni ban ga layi ba."

Akwai al'adar da kowane koci ya sani: makullin ɗakin kayan wasa ba ya rabuwa da igiyar usur. Ita ya kawo asibiti. Ya ɗauki makullin sito, inda firji mai aiki da hasken rana yake, inda ake ajiye allurar dafin maciji, ya ɗaura a igiyar wuyansa. Kullum da safe shi yake buɗewa, da yamma ya rufe, don haka babu wanda ya ga aibin abin. Sirajo ya ce ya yi niyyar yi masa magana, aiki ya sha masa kai.

Ranar da abin ya faru, Laraba ce ko Alhamis, Ɗayyabu ya yi sammako ya tafi taro a sakatariyar ƙaramar hukuma, can bayan kogi, makulli na wuyansa bai ko tuna ba. Da hantsi aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Kogi ya kawo, ya shanye 'yar gadar da ake bi. Ana cikin haka aka shigo da wata mata mai suna Lantana a kan amalanke, da ciki wata takwas. Kububuwa ce ta sare ta a ƙafa tana cirar ciyawa a gonar gyaɗa. Likita sau biyu yake zuwa a mako, ranar ba ranarsa ba ce. Magani yana nan a bayan ƙofar ƙarfe, taku goma daga gadonta. Mijinta Jibo ya sara ƙofar da gatari har ƙotar ta karye, ko motsi ba ta yi ba.

To ga abin da Sirajo ya yi. Ya ɗebi jininta ya zuba a 'yar kwalba ya ajiye, bayan minti ashirin jinin bai daskare ba, dasashinta kuma ya fara tsatsafar da jini, sai ya tabbatar da irin macijin. Ya buga wa Ɗayyabu waya. Ya kwance tsumman da aka ɗaure ƙafar da shi, ya sa mata ƙarin ruwa. Surukarta ta fito da reza za a yi tsaga a fitar da dafi, in kuma an hana, su ɗauke ta su kai ta wajen mai maganin gargajiya a ƙauye. Sirajo ya ce, "Inna, in aka tsaga ta jinin nan ba zai tsaya ba." Ta ce, "To kai likita, ina naka maganin?" Ya ce yana hanya. Ta ce, "A hanyar ina? Magani ƙafa gare shi?" Sai ya je ya tsaya a bakin ƙofa ya ware hannuwa. Awa uku yana shiga ya duba ta, ya dawo ya tare ƙofa. An zage shi, wani ƙanen mijin ya yaga masa aljihun riga. Kuma ya sani sarai in ta mutu a hannunsa, ba shi ba sake zama a garin.

Ga abin da Ɗayyabu ya yi. Waya ta same shi a tsakiyar taro, ya shafa wuyansa ya ji ƙarfe, ya miƙe ya fice. Hanyar duk ta zama taɓo, mota ta kafe, masu babur suka ce ko ubansu ne ba za su shiga ba. Ya cire babbar riga ya bar ta a kan wani teburin mai shayi, ya kama gudu. Takalmi ɗaya ya maƙale a laka, ya cire ɗayan ya jefar. Kilomita tara ne, ko sha ɗaya, an faɗa mini duka biyun. Mutum ne mai shekara arba'in da wani abu, tumbi ya fara fitowa, rabonsa da irin wannan gudu tun yana saurayi. Sau biyu ya yi amai a hanya. Da ya iso bakin kogi tafin ƙafarsa duk ya tsattsage, kuma ga ruwa ja yana tafe da itatuwa. Mai kwale-kwale ya ce sai gobe. Ɗayyabu bai iya iyo ba. Ya durƙusa yana hango rufin asibiti a tsallake.

Ga kuma abin da Ukasha ya yi. Makarantarsa tana nan bakin kogin, ya fito ya tarar da abokinsa a durƙushe. Ya ce, "Koci, wa ya koro ka?" Ɗayyabu ya ɗaga masa makullin yana haki, ya ce mai ciki ce maciji ya sara a asibitin can, magani kuma yana kulle. A tsallake Jibo, da ya zo tarar makulli, yana tsaye yana ihu, ruwa ya hana a ji abin da yake cewa. Ukasha ya zare gora daga dangar makaranta, ya auna ta a tafin hannu, ya ɗaure makullin a kanta da igiyar usur ɗin. Shekararsa goma sha biyar bai yi jifa ba, an kuma gargaɗe shi kada ya sake. Faɗin ruwan ya kai taku hamsin. Makulli ɗaya ne, jifa ɗaya ne, in ya faɗa ruwa shi ke nan. Ya ja da baya, ya ce da mutane su ba shi hanya, ya yi bisimilla ya sheƙo a guje ya wurga ta. Gorar ta cake a laka ta wancan gefe, kamu biyu daga bakin ruwa. Kafaɗarsa ta goce a wurin, ya faɗi yana salati, kuma har na bar garin da hagu yake rubutu a allo.

Jibo ya ruga da makulli, Sirajo ya buɗe sito ya yi mata allura. Kafin magariba jini ya fara daskarewa a kwalba. Lantana ta tashi. Bayan mako biyar ta haifi ɗa namiji, lafiyayye.

Jibo ya rantse sunan wanda ya ceto su zai sa wa yaron, kuma kun san yaro suna ɗaya ake raɗa masa. Nan kai ya kulle. Surukar da ta yi niyyar tsaga ita ce yanzu take cewa Sirajo, don ba don shi ba da gawa makullin zai tarar. 'Yan'uwan Jibo suka ce Ukasha, don shi kaɗai ne ya bar wani abu na jikinsa a cikin al'amarin. Lantana ta ce Ɗayyabu, don da bai yi gudun ba babu abin da za a jefa. Aka ce mata ai shi ya jawo wahalar, ta yaya za a yi wa mai laifi takwara? Ɗayyabu da kansa ya ce a cire shi a cikin lissafi, har ya rubuta takardar ajiye aiki, Sirajo ya ɓoye ta. Ranar suna na riga na kama hanya, ko kuwa ina nan na manta. Sunan da aka sa ban riƙe ba.

Abu ɗaya ne na tabbatar. Bayan shekara biyu na sake bi ta garin, na tambayi matar da ta fi kowa daɗewa tana shara a asibitin, na kuma tambayi mai gadi daban, bakinsu ya zo ɗaya. Kafin zuwan Ɗayyabu, makullin nan a jikin ƙusa yake rataye, kowa yana iya ɗauka, kuma damina huɗu a jere allurar maciji takan yi ɓatan dabo tun kafin a yi noman farko. A shekarar da ya rataya shi a wuya ne kaɗai aka kai tsakiyar damina da magani a cikin firjin.

To, ku da hankalinku bai fara zuba ba, ku faɗa mini: Sirajo, ko Ɗayyabu, ko Ukasha, sunan wa ya kamata yaron nan ya amsa?