Ɗakunan da Delbert Peshlakai Ya Gina

A yankinmu na ƙabilar Dine ba a taɓa yin magini irin Delbert Peshlakai ba, kuma matsalar ita ce shi ma ya san haka. Mutum ne mai gaskiya, amma akwai girman kai. In ka kuskura ka yabi ginin wani a gabansa, ka yi asarar gahawar da zai dafa maka. Ni maƙwabciyarsa ce, shekara talatin tumakinmu suna kiwo wuri ɗaya, don haka na san halinsa ciki da waje.

Lokacin da yake saurayi, kamfanin da ke haƙar yuraniyom, wani ma'adini mai guba, a bayan tsauninmu ya tara duwatsun da ba ya so, tuli guda. Duwatsu ne shimfiɗaɗɗu masu daɗin jerawa, da ɗan ruwan ɗorawa a jikinsu. Shugaban leburori ya ce kowa ya ɗiba kyauta. A wurinmu in an yi aure, kusa da uwar amarya ake gina wa ma'aurata ɗaki, ƙofa tana kallon gabas, kuma Delbert ake kira. Ya gina fiye da sittin. Goma sha ɗaya daga ciki, har da nasa, da duwatsun kamfani ya yi su, ya shafe su da jar ƙasa yadda ba mai bambance su da sauran.

Kamfani ya gama ya tafi, ya bar mana tulin kewaye da shingen waya. Ciwon huhu da na ƙoda suka shigo gari. Muka kai ƙara, kamfani ya ce gubar tana cikin shinge, ko tsakuwa ba ta taɓa fita ba. Waɗanda suka ga an raba duwatsun duk sun rasu, saura Delbert.

'Yar ƙanwarsa Arlinda Etsitty ma'aikaciyar jinya ce. Ta aro na'urar da ke ƙara in ta ji gubar, ta fara da gidansa. Ya tare ta a ƙofa.

"Kawu, minti biyar kawai. In ba ta yi ƙara ba, ni da bakina zan sanar da kowa."

"Ke da aka haifa a ɗakin da na gina? Dubi tsawonki, sai kin sunkuya kike shiga ƙofa. Wace guba ce ta hana ki girma? Mayar da abin wasanki mota, ki zo ki ci nama."

Bai tsaya nan ba. Ya bi gida gida yana cewa ana son ɓata masa suna, mutane kuma suka rufe wa Arlinda ƙofa don kunyarsa. Ni ma na rufe, kuma har yau abin yana cina.

Haka aka yi shekara biyu. A ta biyun matarsa ta kwanta, ta cika a asibiti. Ba zan faɗi sunanta ba, mu ba ma kiran sunan wanda ya tafi. Ba kuma wanda zai rantse cewa bangon ne ya kashe ta. Amma da wata ya zagayo, 'yarsa ta zo da jaririyarta ɗaure a katakon da muke goyon jarirai a kai, ta jingina ta da bango, daidai inda gadon marigayiyar yake. Delbert ya daɗe yana kallon yarinyar. Sai ya tashi ya ɗauke ta ya fita waje, ya aika a kira Arlinda.

Tana kusantar bangon na'urar ta kama ƙara kamar ana soya gugguru.

"Kashe ta, 'yata," ya ce. "Na ji."

Ranar da jami'an gwamnati suka zo zauren taro da lauyan kamfani, Delbert ya miƙe. Ya ambaci danginsa huɗu kamar yadda muke gabatar da kanmu a al'adarmu, sannan ya ce shi ya kai gubar cikin ɗakunan mutane da hannunsa, shi kuma ya hana a gano ta. Ya faɗi ranar da aka ba su duwatsun, ya jero ɗakunan ɗaya bayan ɗaya. Lauyan ya yi murmushi, ya tambaye shi ko tsoho zai iya tuna dutsen shekara arba'in.

"Ɗana, kai ko abincin jiya ba lalle ka tuna ba. Ni dutsen da na ɗora ba na mantawa. Ɗakin gidan Manygoats, bangon arewa, daga layi na uku zuwa rufi. Ku je ku kankare."

Aka je aka kankare, ruwan ɗorawa ya bayyana daidai layi na uku. Ban taɓa alfahari da mutumin garinmu kamar ranar ba. Aka tilasta wa kamfani ya kwashe tulin, ya rushe ɗakunan goma sha ɗaya, ya gina wasu.

Nasa aka fara rushewa. Ma'aikata shida cikin fararen kaya da takunkumi suka yi kwana uku suna fama kafin bangon ya faɗi. Delbert yana zaune a nesa da jikarsa a cinya. Da ƙura ta lafa, ya juyo ya dube ni, idonsa cike da hawaye.

"Kwana uku, maƙwabciya," ya ce. "Na gaya muku ba na aikin banza."

Darasin shi ne, girman kai yakan sa mutum ya tsare sunansa ya bar ran mutanensa. Shekara biyu Delbert yana kare aikin hannunsa, bai tsira da komai ba sai nadama. Ranar da ya tsaya gaban jama'a ya ce ya yi kuskure, ranar ya ceci gida goma sha ɗaya, kuma da ita muke tuna shi. In an zo maka da gaskiyar da ta taɓa abin da kake taƙama da shi, ka buɗe ƙofa tun ranar farko.