Tunau da Farar Shinkafar Barmo

Ga ta nan, ga ta nanku, 'yan jikoki.

Ta zo mu ji ta, Iya.

To, ku matso. Wanda ya fara gyangyaɗi a taɓa shi.

Wani manomi ne a wani ƙauye, sunansa Tunau, matarsa Ladingo. Gonarsu jigawa ce, yashi zalla. Abin da gona ta ba su shi ke shiga tukunyarsu. Ga gero ga wake, ga kuɓewa da yakuwa a bayan ɗaki, ga kuka da ɗorawa a bakin gona. Ba su taɓa kwana da yunwa ba. Amma Tunau yana da ciwo guda. In ya ga abu a hannun wani, barci ya ƙaurace masa ke nan.

Kowace kaka, kafin a ɗaure dami, sai Tunau ya bi gona ya zaɓi zangarniyar da ta fi tsawo da cika. Sai a ɗaure su daban. Sai a rataye a saman murhu don hayaƙi ya kori ƙwari. Wannan shi ne iri. Haka ubansa ya yi, haka kakansa ya yi, kuma ko an shiga wane hali ba a taɓa shi.

Maƙwabcinsa Barmo falke ne, danga ɗaya ce tsakaninsu. Da bazara sai Barmo ya dawo daga can bakin teku, jakunansa ɗauke da buhuna. Da yamma matarsa ta ɗora tukunya. Sai Tunau ya leƙa ta ɓular danga. Sai ya ga shinkafa a akushi, fara sol, doguwa, ba tsakuwa ba ƙaiƙayi.

Ladingo ta kawo tuwon gero da miyar kuka, ta ji daddawa. Sai ya ture kwanon, wai tuwon ya cika baƙi. Washegari ta yi dambu da zogale. Sai ya ce shi ba akuya ba ne da za a riƙa cika masa ciki da ganye. Rana ta uku ta dama fura, ta ajiye masa a inda ya saba tsugunawa, gindin danga.

Ta ce, "Malam, ga ta nan kusa da ɓular, don kada wuyanka ya gaji."

Sai ya tashi ya yi sallama a gidan Barmo.

Shi kuwa Barmo hanya ta ishe shi. Jakunansa sun tsufa, gwiwarsa ta fara ciwo, yana so ya koma gonar da ya gada. Ya zaga ƙauye neman iri, kowa ya ce nasa daidai gonarsa ne. Da Tunau ya yi maganar shinkafa, sai Barmo ya ce zai ba shi buhu guda, in zai ba shi abin da ke rataye a saman murhunsa. Tunau ya ce ya yarda. A ransa kuwa cewa yake, Barmo buhu-buhu yake da ita, ni rumbu zan cika.

Barmo ya tambaye shi me zai shuka bana. Tunau ya nuna buhun.

Barmo ya ce, "Tunau, wannan ta tukunya ce. An goge ta tun a can. Ban taɓa ganin wanda ya shuka ta ba."

Sai Tunau ya yi murmushi. Mai hassada, yara, gani yake kowa irinsa ne. Ya ɗauka Barmo baƙin ciki yake yi kada a kamo shi.

Ya koma gida ya sa turmi ya taka, ya kwanto irin. Ladingo ta riƙe masa riga. Ta roƙe shi ya bar ko zangarniya biyu. Ta ce in shinkafa yake marmari, mutanen fadama suna noma ja mai daɗi, ta kai musu wake su ba ta. Ya ce shi fara yake so, irin ta Barmo, kuma sai ta fi ta Barmo yawa. Ya fizge rigarsa ya fita.

Sai shamuwa ta zo. Sai ruwa ya sauka. Kowa ya ɗauki sungumi. Tunau ya sare gonarsa kaf, ya zuba farar shinkafa, ya take da diddige.

Da ya dawo dubawa, sai ya tarar da zabi sun baje a gonar suna tono. Babbarsu ta ɗago kai ta yi masa godiya. Ta ce tun da take ba ta taɓa ganin manomin da ya casa musu abinci ya kawo har daji ba. Ya jefe su da hoge, suka tashi.

Sai ya sake shuka. Wannan karon ya kafa mutum-mutumi, ya rataya gwangwani. Da ya dawo, sai ya ga tururuwa sun ja layi tun daga gonar har gindin kuka, kowace da farar ƙwaya a ka. Ta gaba ta ce masa sannu da ƙoƙari, gero sai sun sha wahalar ɓarewa, wannan kuwa sai dai ajiya.

Sai ya shuka ta uku, ragowar buhun ke nan. Ya kafa bukka a tsakiyar gona ya tare. Ba tsuntsun da ya sauka, ya bi gidajen tururuwa ya zuba toka. Ruwa ya yi ta zuba. Gonakin mutane suka yi kore shar. Tasa kuwa ko tsinke. Sai ya durƙusa ya tona rami ɗaya da yatsa. Sai ya ga shinkafar ta narke ta yi tsami.

Sai ya daki ƙasa da tafin hannu, ya ce ta ci amanarsa.

Sai ƙasa ta ce, "Tunau, ni ban san wannan baƙuwar ba. An tuɓe mata riga, an cire mata ido, da me za ta ga hanyar fitowa? Ina wanda kakanka ya saba ba ni? Shi na sani, shi ya san ni."

Sai ya ɗaga kai. Gonar Barmo tana can gefe, gero ya kai ƙauri, iska tana kaɗa shi. Tunau ya san wannan ganyen kamar tafin hannunsa. Irin kakansa ne, wanda ya bayar da hannunsa.

Ya koma gida ya zauna. Rumbu ya yi ƙasa, lokacin shuka ya wuce. Ladingo ba ta yi masa gori ba. Ta dai ce ta ji gobe Barmo zai yi noman farko, za a rage tsiron da ya yi yawa a rami a zubar. Ta ce ƙasa da danshi, in an yi dashe zai kama. Tunau ya ce shi ba zai tsinci abin da Barmo ya zubar ba. Ta ce to, ita ba ta san miyar da ake yi da girman kai ba, in ya sani ya koya mata.

Da safe sai ga Tunau a gonar Barmo da kwando. Barmo na gaba yana cirewa, Tunau na baya yana tsinta. Masu wucewa suna yi masa barka da aiki, suna ƙunshe dariya. Barmo kuwa yakan cire masu ƙarfi ya ajiye a kan kunya inda ba za a taka ba. Tunau ya kwashe, shi da Ladingo suka dasa.

Dashen ya kama, amma a makare. Zangarniyar ta fito gajera. Da waken Ladingo da tafasa da rama aka lallaɓa aka kai kaka. Sun dai sami abin ratayewa a saman murhu.

Gonar Barmo kuwa ta huta shekaru, sai ta yi abin da ba a taɓa gani ba. Mutane suka riƙa zuwa daga ƙauyuka neman irin. In an tambaye su wane iri, sai su ce ɗan Barmo.

Ran kasuwa Tunau na tsaye, sai wani baƙo ya ɗebo geron a tafin hannu ya nuna masa.

Ya ce, "Baba, in kana noma ka nemi wannan. Ɗan Barmo ke nan. Ya fi duk abin da kakanninku suka bar muku."

Tunau ya dubi geron kakansa a tafin hannun baƙon. Ya ce ya gode.

Ƙurunƙus kan ɗan kusu. Wanda ya raina abin da ƙasarsa ta ba shi don na wani ya fi fari, wata rana a hannun wani zai roƙe shi. Ku tashi, ku wanke hannu, tuwonku na hucewa.